Tsakanin Jarkar Fetur da Farantin Sola

Duk wanda ya saba bi ta fadamun Jigawa, ko ta gaɓar Kogin Kano a watan Janairu, ya san ƙarar da ke tarbarsa tun da sanyin safiya. Ƙananan injinan ban-ruwa ne, kowanne da mesarsa a cikin rijiya ko a bakin kogi, suna zuƙo ruwa suna shayar da albasa da tumatir da attaruhu da alkama. Tun shekarun 1980 da 1990, lokacin da hukumomin raya karkara irin su KNARDA da shirin Fadama suka yaɗa waɗannan injina har suka kori jigo daga lambuna, noman rani a Arewa ya dogara kacokan a kan fetur. Manomi ya fito da jarkarsa da asuba, ya tsaya wurin ɗan bumburutu ya sayi lita biyu ko uku, sannan ya nufi gona.

A 'yan shekarun nan fadama ta rabu gida uku. Akwai gonar da za ka tarar an jingina faranten sola a kan katako, ruwa yana kwarara ba ƙara ba hayaƙi. Akwai wadda mai ita ya kai injinsa wurin makaniki aka juya shi ya koma shan gas, tukunyar girki tana ajiye a gefe. Akwai kuma wadda aka bari ta bushe, ko aka ba da ita jingina, mai ita ya koma yi wa maƙwabcinsa ƙwadago ko ya ɗauki jaka ya tafi ci-rani. Ƙasar ɗaya ce, ruwan ɗaya ne, kuma sau da yawa mutanen uku tare suka tashi, babu wanda ya fi wani sanin noma ko jure wa rana. Abin da ya raba su shi ne wani yana da abin da zai biya a dunƙule ya zauna jiran amfani, wani kuwa abin da ya samo yau shi za a ɗora a tukunya yau.

Wannan rabuwa ta wuce fadama. Tana kasuwar hatsi, tana kan titi wurin masu adaidaita sahu, tana cikin gida wurin matan da ke sana'a a tsakar gida. Tsadar makamashi da faɗuwar naira da rikicewar damina sun zo wa Arewa a lokaci guda, kuma dukkansu ukun sun fi cin wanda ba shi da ikon jira.

Ranar da lissafi ya sauya

Ranar 29 ga Mayu, 2023, a jawabinsa na kama mulki, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cewa tallafin mai ya ƙare. Cikin kwana biyu, litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta wuce naira 500 a Kano. A watan Yuli ta kai 617 a Abuja, a Satumbar 2024 ta doshi 900, kafin Oktoba ya ƙare ta haye 1,000. A tsakiyar Yunin 2023 kuma Babban Bankin Nijeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da hukuma ke bayarwa a kan kusan naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Taki, maganin feshi, kayan gyaran inji, maganin asibiti, duk abin da ake shigo da shi ko ake haɗa shi da kayan waje ya bi dala a guje. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta zarce kashi 40 cikin 100, a Disambar shekarar kuma hauhawar farashin kaya baki ɗaya ta kai kashi 34.8, abin da aka yi kusan shekara talatin ba a gani ba.

Adalci ne a faɗi cewa tallafin nan yana da ciwo na gaske. A 2022 kaɗai ya lashe sama da naira tiriliyan 4. Wani ɓangare na man ana kwasarsa a tsallaka da shi iyaka, kuma mai motoci uku ya fi mai keke cin moriyarsa nesa ba kusa ba. Manyan 'yan takarar shugaban ƙasa uku na 2023 duk sun yi alkawarin cire shi. Abin da ba a auna da kyau ba shi ne matsayin fetur a rayuwar talaka. A ƙasar da ke da mutane fiye da miliyan 200 amma wutar da ake rabawa ba ta cika wuce megawat 5,000 ba, fetur shi ne lantarkin mai aski da mai walda da tela da mai cajin waya da manomin rani. Da aka ninka farashinsa sau biyar cikin wata goma sha takwas, kuɗin kunna sana'a aka ninka. Kuma an cire kafin a tanadi komai a madadinsa: motocin gas da aka yi alkawari sun zo daga baya, a hankali, kuma a manyan birane.

Wutar gwamnati ma ba ta kawo ɗauki ba. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin farko daga naira 68 zuwa 225 a kan kowane ma'auni. A Oktoban shekarar, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna kuma layin da ke bi ta Makurdi ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa suka yi sama da mako guda a cikin duhu. Masu niƙa, masu ƙanƙara, masu injin casar shinkafa, kowa ya ji a jikinsa.

Mutane ba su zauna sun naɗe hannu ba. Wanda ya shiga Sabon Gari a Kano ko kasuwannin kayan wuta na Kaduna ya ga yadda shagunan sola suka yawaita. Alƙaluman da cibiyar Ember ta fitar a 2025 sun nuna cewa cikin wata goma sha biyu zuwa Yunin shekarar, Nijeriya ta shigo da faranten sola daga Sin masu ƙarfin kusan megawat 1,700, ta zama ta biyu a Afirka bayan Afirka ta Kudu. Babu wani shirin gwamnati da ya yi wannan aiki. Gidaje da shaguna da gonaki ne suka yi lissafi suka ga inda sauƙi yake.

Sai dai lissafin yana da ƙofa, kuma ba kowa ke iya shiga ba. Kowane manomi ya san cewa in aka dubi shekara biyu ko uku, sola ta fi fetur araha ƙwarai. Matsalar ita ce kuɗinta a dunƙule ake biya, dubu ɗaruruwa, wani lokaci sama da miliyan, gwargwadon girman gona da zurfin ruwa. Ina zai samo su? Banki zai nemi takardar mallakar fili, gonar gado kuwa shaidarta dattawan unguwa ne da mai gari. Ko ya samu takardar, a ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5, bankunan kasuwa kuma sama da haka suke bayarwa. Da yawa ma ba za su taɓa bashi mai ruwa ba saboda addini, bankunan da ba sa karɓar ruwa irin su Jaiz da TAJ kuma rassansu a birni suke. Saboda haka wanda ya fi kowa buƙatar sauƙi shi ke ci gaba da sayen mai a kwalba, a farashin da ya fi na gidan mai. Daga nan sai a ga mai sola ya fara sayar wa maƙwabcinsa ruwa, shekara ta zagayo ya karɓi jinginar gonar.

Damina mai zuwa a fusace

Da damina tana nan yadda aka san ta, da tsadar ban-ruwa ba ta yi zafi haka ba. Dattawa suna tuna farin 1973 da na 1984, shi ya sa in aka ce sauyin yanayi, tunanin mutane ke tafiya ga ƙarancin ruwa. Abin da ke faruwa yanzu ya ɗan bambanta. Ruwan sama a yankin Sahel ya farfaɗo daga waɗancan shekaru, amma yanayin saukarsa ya canja. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017 ya gano cewa hadari mafiya ƙarfi a yankin sun ninka sau uku tun daga 1982. Ruwan da ya kamata ya rarrabu a makonni sai ya zubo a dare ɗaya, sannan sama ta ɗauke ta bar shuka tana yaushi a lokacin da gero ke fitar da kai.

A 2022 ambaliya ta kashe mutane fiye da 600 a Nijeriya, ta raba sama da miliyan ɗaya da muhallansu, kuma Jigawa tana cikin jihohin da suka fi ɗanɗanawa: gonakin shinkafa na Haɗeja da Auyo da Ringim suka nutse ana dab da girbi. A daren 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, har da Kasuwar Monday da asibitin koyarwa da fadar Shehu. A daminar 2024 ɗin ce kuma ambaliya ta kashe mutane sama da 300 a Jamhuriyar Nijar, tsohon masallacin ginin ƙasa na Damagaram da ya tsaya tun ƙarni na 19 ya rushe. A ƙarshen Mayun 2025 kuma aka wayi gari da bala'in Mokwa, inda ruwa ya tafi da mutane fiye da 150 cikin 'yan sa'o'i.

Ba duk wannan za a ɗora wa sama ba. Alau ta taɓa ambaliya a 1994, kuma madatsa aba ce da ake dubawa ana gyarawa. Magudanan da aka toshe da shara da gidajen da aka gina a kan hanyar ruwa aikin mutum ne. Amma abin lura a nan shi ne abin da ke biyo bayan ambaliya. Manomin da ruwa ya cinye masa amfanin damina hanya ɗaya ce ta rage masa ya mayar da asara kafin bazara, ita ce noman rani. Wato dai a daidai lokacin da rikicewar damina ta sa rani ya zama madogara, a lokacin ne kuɗin ban-ruwa ya fi ƙarfin ƙaramin manomi.

Ga kuma zafi. A farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, kuma masana na ƙungiyar World Weather Attribution sun ce irin wannan zafi ba zai yiwu ba in ba don ɗumamar duniya da ɗan Adam ya jawo ba. A Sakkwato da Maiduguri da Yola, digiri 40 zuwa sama a bazara ya zama abin yau da kullum. Mai ofis zai kunna fanka ko na'urar sanyaya ɗaki. Ɗan dako da birkila da ɗan ga-ruwa jikinsu ne jarinsu, duk sa'ar da rana ta tilasta musu neman inuwa ta fita daga abin da za su kai gida.

Kaka da bazara

Babu inda ikon jira ya fi bayyana kamar a kasuwar hatsi. Tsohon zance ne cewa ƙaramin manomi yana sayar da amfaninsa da kaka, lokacin da kowa ke sayarwa kuma farashi ya faɗi, domin a lokacin ne mai taki ke jiran kuɗinsa, ga kuɗin makaranta, ga aurar da 'ya. Da bazara kuma ya dawo kasuwa ya sayi irin hatsin nan da kwano, a ninkin kuɗin da ya sayar. Hauhawar farashi ta ƙara faɗin wannan rami. Wanda ya cika sito da masara a kakar 2023 ya bar ta zuwa tsakiyar 2024 ya ci ribar da noman kansa ba ya bayarwa. Abin ya kai ga hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a yankin Dawanau a Fabrairun 2024 bisa zargin ɓoye abinci.

Daga baya abin ya juya. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. Da wannan, da daminar da ta yi kyau a wurare da yawa, da 'yar natsuwar da naira ta samu, farashin hatsi ya yi ƙasa sosai a 2025. Mai saye a birni ya ɗan numfasa, kuma ya cancanci hakan. Amma taki bai sauko ba. Manomin da ya ga tsadar bara ya ci bashi ya faɗaɗa gona sai ya tarar kuɗin buhun masara ba ya sayen buhun taki. 'Yan kasuwar da suka yi ajiya su ma sun tafka asara, gaskiya ne, sai dai asarar ba iri ɗaya ba ce. Babban ɗan kasuwa ribar bara ya mayar. Ƙaramin manomi saniyar huɗa ya sayar.

A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato da arewacin Neja akwai wani harajin da ba ya cikin kowane kasafi: kuɗin da 'yan bindiga ke ɗora wa ƙauyuka kafin a yi shuka, da wanda suke karɓa kafin a yi girbi. Mai hali ya kwashe iyalinsa ya koma Gusau ko Funtuwa ko Kano. Wanda ba shi da inda za shi ya biya ya zauna.

Aiki yana nan, abinci ne babu

A 2023 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya hanyar auna rashin aikin yi, adadin ya sauko daga kashi 33.3 na ƙarshen 2020 zuwa kusan kashi 4. Mutane da yawa sun ɗauki abin wasa da hankali. A sabon ma'aunin, wanda ya yi aikin sa'a ɗaya a mako don samun kuɗi ana lissafa shi cikin masu aiki. Amma in an duba da kyau, adadin yana faɗin wata gaskiya mai ɗaci: a ƙasar da ba a biyan marar aiki ko kwabo, zaman banza sai mai gata. Kowa yana buga-buga. Wannan hukuma dai ta ce sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki suna cikin sana'o'in da ba su da rajista, ba albashi tsayayye, ba fansho, ba inshorar lafiya.

Masaƙun Kakuri a Kaduna da yawancin masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai da suka ɗauki iyayen matasan yau aiki sun daɗe da yin shiru. Abin da ya maye gurbinsu ana ganinsa a kowace kwana: lema, teburi, da na'urar POS. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan sauya fasalin naira, shi ya tura har mai shayi da mai nama karɓar tiransifa, kamfanoni irin su OPay da Moniepoint suka shiga lungunan da banki bai taɓa takawa ba. Wannan ci gaba ne na gaske, ya sauƙaƙa wa ɗan ci-rani aika kuɗi gida ba tare da jiran direban mota ba. Amma sana'ar POS ma jari take ci: wanda ke da tsabar kuɗi da yawa a hannu shi ke riƙe kwastoma, kuma in an jera lema biyar a layi ɗaya ribar kowa ta zama ƙanƙanuwa.

Dubi adaidaita sahu, wadda ta cika Kano bayan hana acaɓa a 2013. Yawancin matuƙa ba su ne masu ita ba. Akwai balas da za a kai wa mai keke kowace rana, ko an samu ko ba a samu ba. Tashin farashin mai a wuyan direba yake sauka, domin in ya ƙara kuɗin mota fasinja ya gwammace ya taka da ƙafa. Mai keke yana da kadarar da darajarta ke hawa tare da dala, direba yana da gajiya. Hanyar kudu ma ta ƙuntata: Legas ta hana acaɓa a manyan sassanta a 2020, ta ƙara tsanantawa a 2022, kuma kuɗin motar zuwa can kaɗai ya isa ya cinye abin da ɗan ci-rani zai tara a wata.

Ma'aikacin gwamnati, wanda a da ake yi wa kallon ya tsira, shi ma ruwa ya kai masa wuya. Mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 da aka sa wa hannu a 2019 ya haura dala 80 a lokacin. Naira 70,000 da aka amince da ita a Yulin 2024 ba ta kai dala 50 ba, kuma a ƙarshen shekarar ba ta sayen buhun shinkafa mai kilo 50. Wannan ya shafi fiye da gidansa. A Arewa albashin mutum ɗaya yakan ɗauki iyaye da ƙanne da marayun ɗan'uwa. In ya gaza, zumuncin da ya kasance shi ne inshorar talaka ya fara tsinkewa, ba don zukata sun bushe ba, don hannu ya zama wofi.

Mata masu sana'ar cikin gida su ne ba a cika jin muryarsu ba. Mai ƙuli-ƙuli, mai awara, mai ɗanwake, jarinta ƙarami ne kuma kullum yana juyawa. Ta sayar da kayan yau, ta aika kasuwa gobe, ta tarar kuɗin ba sa sayen adadin gyaɗar jiya. A hankali jarin ya narke ba tare da ta ci ko sisi ba. Hatta adashi ya samu rauni, domin wadda ta kwashi na ƙarshe bayan wata goma ta karɓi adadin da aka yi alkawari, amma abin da zai saya ya ragu.

Ina kuɗin suka tafi?

Dukiya ba ta ɓace ba, wuri ta sauya. Manyan bankunan ƙasar, da yake suna riƙe da kadarori na dala, sun bayyana ribar da ba su taɓa samu ba a 2023, har majalisa ta amince a 2024 a ɗora harajin kashi 70 cikin 100 a kan ribar da suka samu daga canjin kuɗi. Mai fili a birni, mai gidajen haya, mai kaya a sito, mai ɗa a waje da ke aiko da dala ko riyal, duk sun samu garkuwa. Gwamnatoci ma sun samu: abin da ake rabawa tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi ya tashi daga kimanin naira tiriliyan 10 a 2023 zuwa sama da tiriliyan 15 a 2024. Kuɗin da aka daina zubawa a tallafin mai, wani kaso mai tsoka nasu yana hannun gwamnoni. Tambayar da ya kamata kowane ɗan jiha ya riƙa yi ita ce nawa ne daga ciki ya isa fadama da asibitin karkara da makarantar firamare, nawa kuma ya tsaya a gadar sama ta babban birni.

Sakamakon yana rubuce a jikin yara. Tun kafin wannan guguwa, ƙididdigar talauci ta 2022 ta nuna mutum miliyan 133 suna cikin talauci ta fuskoki da dama, kashi 65 cikin 100 nasu a Arewa. A Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 sun rasu saboda tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar, a daidai lokacin da Amurka da wasu ƙasashe suka zaftare tallafin jinƙai. Katsina jiha ce ta manoma. A Oktoban 2024, a garin Majiya na Jigawa, mutane fiye da 150 suka ƙone lokacin da suke kwasar fetur daga tankar da ta faɗi, bayan wata uku kuma aka sake irin haka a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja. Ana iya yi wa mutane wa'azi a kan haɗarin, kuma ya kamata a yi, amma wanda ya ruga da bokiti wurin tankar mai ya san wuta. Darajar abin da ke malala a ƙasa ce ta fi masa tsoron wutar. Zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 ta fi zafi a Kano da Kaduna da wasu biranen Arewa, kuma ƙasa duka ta ga yaran da aka kama a lokacin suna faɗuwa don galabaita a gaban kotu a Abuja a watan Nuwamba, kafin a ba da umarnin sakinsu.

Abin da maƙwabta suka gwada

Ba sai an je nesa ba kafin a ga dabarar da ke ba ƙaramin manomi ikon jira. A yankin Maraɗi, tun tsakiyar shekarun 1980, manoma suka fara abin da suke kira sassaben zamani: maimakon a tumɓuke kututture a ƙone lokacin sharar gona, sai a zaɓi tohon da ya fi ƙarfi a rage sauran a bar shi ya girma. Dabarar ta bazu zuwa Damagaram da sauran wurare, har masu bincike suka ƙiyasta cewa ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Gawo, wanda ke zubar da ganyensa da damina ya bar shuka ta sha rana, ya dawo gonaki yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, yana ba dabbobi abinci da rani. Ba a buƙaci jari ba sai wuƙa da haƙuri. Abin da ya sa ta karɓu shi ne manomi ya samu tabbacin cewa itacen da ya raina nasa ne, ma'aikacin gandun daji ba zai ci shi tara a kansa ba. A shekarar da hatsi ya gaza, itace da ganye da 'ya'yan itatuwa su ne ajiyar gida.

Akwai kuma tsarin da aka fara yaɗawa a Nijar a ƙarshen shekarun 1990 da taimakon hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ƙungiyar manoma ta tara hatsinta da kaka a rumbu guda, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya ɗaya a hannun mai ba da lamuni. A ba kowa rance gwargwadon abin da ya ajiye, ya biya buƙatunsa ko ya yi sana'ar rani, in farashi ya tashi a buɗe rumbu a sayar a biya bashi, ragowar ribar ta zauna a ƙauye. Tsarin yana da haɗarinsa, domin shekarar da farashi ya ƙi tashi, irin 2025, lissafin zai ƙi fita. Duk da haka ya fi sayarwar dole a bakin masussuka.

A ɓangaren Nijeriya ma akwai abin ginawa a kai. An gyara manyan hanyoyin ruwa na Kadawa da ke sha daga madatsar Tiga, da na kwarin Haɗeja, da na Bakolori, da rancen Bankin Duniya, kuma manomin da ruwa ke gangaro wa gonarsa ta kwata ba ruwansa da farashin fetur. Irin wannan aiki shi ne ainihin abin da kuɗin jama'a ya kamata su yi, tare da duba lafiyar madatsun kafin damina, ganin cewa Tiga ta haura shekara hamsin. Sai kuma a fara lura da ruwan ƙarƙashin ƙasa tun yanzu. Injin fetur yana da birki, wato tsadar mai. Sola ba ta da shi, in rana ta fito sai ta zuƙa har yamma, kuma in masu manyan faranti suka yawaita a fadama ɗaya, rijiyar ƙaramin manomi marar zurfi ita za ta fara ƙafewa.

Game da injinan sola kansu, rabon kyauta a filin taro ba zai kai ko'ina ba. An sha ganin yadda irin wannan rabo ke ƙarewa a hannun 'yan jam'iyya, wasu kayan ma su koma kasuwa kafin mako ya zagayo. Abin da zai yi aiki shi ne sayarwa bashi ta hanyar ƙungiyoyin manoma, a kan farashin da aka yanke tun farko ba tare da kuɗin ruwa ba, irin cinikin da bankunan Musulunci suka riga suka saba da shi, gwamnatin jiha ta tsaya a matsayin mai lamuni. Injin da kansa ya isa jingina, ba sai an nemi takardar fili ba. A horar da matasan garin su iya haɗawa da gyarawa, don kada inji ya kwanta wata guda saboda waya ɗaya ta ƙone. Lokacin biya kuma a daidaita shi da kalandar gona. Manomi ba shi da albashin wata, kuɗi sau biyu suke shigo masa a shekara, bayan girbin damina da bayan kwashe amfanin rani, kuma a waɗannan lokuta biyu ne ya kamata a je karɓa.